Hannu a Kan Cikin Direba

Abokan aikinsa a tashar bas-bas na cikin gari suna kiransa Dakata. Sunan ya samo asali tun farkon ciwonsa, lokacin da yakan tsayar da bas cike da fasinja a bakin gidan mai, ya juyo ya ce musu, "Ku ɗan dakata mini," ya sauka da sauri ya nufi banɗaki. Bai taɓa nuna jin haushin sunan ba. Shi da bakinsa yakan ce duk garin babu wanda ya kai shi sanin banɗaki mai tsabta, da wanda ƙofarsa ba ta kulluwa, da wanda sai ka roƙi makulli wurin mai gadi.

Kumburin hanji ne ke damunsa, irin wanda ba ya warkewa, sai dai ya kwanta ya tashi. Ya kama shi yana da ƙarfinsa, ga shi yanzu furfura ta cinye masa gemu. A shekarun baya an yi masa aiki, aka yanke wani ɓangare na hanjin da ya tsuke, aka bar masa tabo daga ƙasan cibiya zuwa gefen dama. Daga nan aka ɗora shi a kan wata allura da yake yi wa kansa a cinya lokaci-lokaci, ana ajiye ta a ƙofar firij kusa da madara. Allurar ta yi aiki. Gudawa ta ragu, jini ya tsaya, har ya ɗan murmure. Ciwon cikin ne kawai ya ƙi tafiya. Yana nan a gefen dama, wani lokaci kamar an ɗaura igiya ana ja, wani lokaci kamar an ajiye masa dutse. Zaman kujerar direba ya fi komai tayar da shi. Kafin yamma za ka gan shi ya karkace, gwiwar hannunsa ta dama a manne da ciki, yana juya sitiyari da hagu.

Likitarsa mace ce, sa'ar babbar 'yarsa, Baba take kiransa. Ranar da sakamakon gwaje-gwajensa ya fito, ta juyo masa da fuskar kwamfuta tana murmushi.

"Baba, hanjinka ya yi kyau. Jini lafiya, hoton ciki lafiya. Ban ga alamar kumburi ba."

Ya ƙura wa hoton ido, bai gane komai ba. "To, 'yata, wannan ciwon da nake kwana da shi nake tashi da shi, na waye?"

Murmushin ya ɗauke daga fuskarta. "Naka ne, Baba, kuma ban ce ƙarya kake yi ba. Hanjin da ya daɗe yana ciwo, ko ya lafa, jijiyoyinsa ba sa saurin mantawa. Ga wurin aikin, wani lokaci nama yakan manne da nama. Ga shi kuma ka saba ɗaure jikinka kullum kana jiran ciwo." Ta mayar da fuskar kwamfutar wajenta. "Akwai wani da nakan tura wa wasu majinyatana. Ostiyofat ake kiran masu irin aikinsa. Da hannu kawai yake yi, ba ya ba da magani."

"Mai tausa ke nan."

"Kusan haka, sai dai ya yi karatun jikin mutum sosai. Ba zan yi maka alkawari ba, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Kuma ba ya warkar da cutar. Allurarka tana nan yadda take, kada ka kuskura ka bar ta."

Ya ce to, ya tafi gida da niyyar ba za shi ba. Rabonsa da barin wani ya taɓa masa ciki tun ranar da aka cire masa zaren ɗinki. Ko jikokinsa in sun rugo za su rungume shi, gefe yake juya musu. Amma ya yi kuskuren ba matarsa labari, ita kuwa mace ce da in ta riƙe magana ba ta saki. Ɗinki take yi a ɗakin da yaransu suka bari bayan sun watse. Ranar hutunsa ta ajiye almakashi, ta ɗauko masa takalmansa ta dire a gabansa.

"Baban Auta, tashi. Mutumin yana jiranmu."

"Wane mutumin?"

"Ka san wanda nake nufi."

Wurin yana saman wani shagon tabarau, ana hawa ta wata siririyar matattakala. Ɗaki ɗaya ne da ɗan falo. Akwai dogon gado mai tsayi da aka shimfiɗa wa farar takarda, da ƙashin bayan mutum na roba a rataye kusa da taga. Tagar tana kallon babban titi, kuma tun kafin ya zauna ya gane ƙarar ɗaya daga cikin bas-bas ɗinsu da ke wucewa, wadda giyarta ta biyu ke kuka.

Mai tausar gajere ne kakkaura, mai sanƙo, maganarsa a hankali kamar wanda ba shi da inda za shi. Ya daɗe yana tambaya kafin ya tashi daga kujera. Yaushe aka yi aikin, wane magani ake sha, akwai jini, akwai zazzaɓi, ana ramewa. Ya ce, "Malam, duk zuwan da za ka yi sai na sake yi maka tambayoyin nan, kada ka gaji da ni. Ranar da cutar ta tashi, hannuna ba shi da aiki a cikinka."

Ya sa shi ya kwanta rigingine, ya tura masa matashi ƙarƙashin gwiwoyi, ya murza tafin hannuwansa har suka yi ɗumi. Hannun bai kai ga sauka a kan tabon ba direba ya cafke wuyansa. Bai san ya yi ba. Sai ganin yatsunsa ya yi sun nutse a fatar mutumin.

"Yi haƙuri," ya ce, kunya ta rufe shi.

"Babu komai. Ba kai ne na farko ba, wani ma ƙafa ya kawo mini. Juya ka kwanta ta gefe, mu bar cikin tukuna."

A ranar bayansa kawai ya taɓa, da haƙarƙarinsa, da ƙugu. Ya ɗora tafi a ƙasan haƙarƙari ya ce ya ja numfashi har ya ture hannun. Direba ya ja, kafaɗunsa suka ɗaga, hannun bai motsa ba.

"Ka gani? A wuya kake numfashi. Ƙasan nan ka rufe shi ka tafi da makullin."

Sai a zuwa na uku ya bari aka taɓa cikin. Ya zaci za a murza shi kamar yadda ake murza ƙafar da ta gurɗe. Ba haka aka yi ba. Hannun ya sauka nesa da tabon, ya tsaya cak, yana hawa da sauka tare da numfashinsa. Can ya ɗan nutsa, ya sake tsayawa. Duk sanda ya saki numfashi, sai hannun ya ƙara shiga kaɗan, ya ja naman gefe a hankali, ya jira. Da ya kai wurin dutsen nan, direba ya cije baki, gumi ya keto masa. Mai tausar bai ƙara ƙarfi ba, bai kuma janye ba. Suna nan a haka har wani abu ya saki a ciki, cikin ya yi wata doguwar ƙugi da ta cika ɗakin.

"To, inji ya tashi," in ji mai tausar.

Direba ya yi dariya, rabon da ya yi dariya a kwance har ya manta. Yana cikin dariyar ya ji ruwa na gangara masa daga gefen ido zuwa kunne. Mutumin ya juya yana gyara labule har ya gama sharewa.

Washegari ciwon ya fi na da, har ya rantse ba zai koma ba. Bayan nan kuma ya lafa, lafawar da bai saba da ita ba. Ya ci gaba da zuwa. Ciwon bai ɓace ba, amma ya ja baya, ya zama abin da mutum zai iya mantawa da shi na rabin yini. Ya koma riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya daina cin abinci a tsaye a kicin kamar mai laifi, ya dawo tebur yana ci suna hira da matarsa. A tasha suka ce in dai haka ne za su sauya masa suna zuwa Wuce.

A cikin wannan sauƙin ne tunanin ya shige shi. Allurar ba ta taɓa yi masa daɗi ba. Duk ranar da ya yi ta, yini yake da ciwon kai, jikinsa kamar an yi masa duka. Ya yi shekara da shekaru yana yin ta, ciwo bai tafi ba. Ga wani ya zo da hannu tsura ya yi abin da ta kasa. Wata ranar allura ta faɗo daidai da ranar da zai yi dogon aiki, ya ce bari ya ɗaga zuwa gobe. Gobe ta wuce, bai ji komai ba. Da lokaci ya sake zagayowa, ya ɗauki allurar daga firij don kada matarsa ta gan ta, ya sa a aljihu, ya jefa ta cikin akwatin ajiyarsa a tasha. Haka ya yi da ta gaba, da ta gaba. Duk zuwa mai tausar yakan tambaye shi, "Allura fa, Malam?" Shi kuma ya ce, "Ana yi."

Watannin nan sun fi kowane lokaci daɗi a rayuwarsa tun da ciwon ya fara. Ya kai jikokinsa wurin wasa, ya ɗaga ƙaramin a kafaɗa. Ya yi wa falo fenti shi kaɗai.

Gudawar ce ta fara dawowa. Ya ɗora laifin a kan wani kifi da ya ci a hanya. Sai jini, kaɗan-kaɗan. Sai sanyi da ke kama shi da yamma ana tsananin zafi, ya rufe gilashin gefensa fasinja na fifita. Gefen damansa ya yi tauri, ya yi zafi, ko bel ba ya iya ɗaurawa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce a ransa ranar zuwa wurin mai tausa ta kusa, hannun nan zai warware komai.

Da ƙyar ya hau matattakalar, sai da ya huta a tsakiya. Mai tausar ya dube shi tun daga bakin ƙofa, bai nuna masa gado ba, kujera ya nuna masa. Ya ɗora bayan hannu a goshinsa.

"Tun yaushe?"

"Ɗan zazzaɓi ne. Ka dai taɓa mini nan, ya ɗaure ne kawai."

"Akwai jini?"

Direba ya kau da kai.

"Malam, allurar fa?"

Wannan karon bai iya cewa ana yi ba. Mai tausar ya zauna a bakin gadon, ya haɗa hannuwansa a tsakanin gwiwoyi.

"Yau ba zan taɓa ka ba."

"Don Allah ka rufa mini asiri. Hannunka ne ya warkar da ni, shi zai sake warkar da ni."

"Ban warkar da kai ba. Ban taɓa ce maka haka ba. Allurar ce ta kwantar da cutar, shi ya sa na samu wurin sa hannu. Abin da ke cikin nan yanzu, in na danna shi, zan iya fasa shi." Muryarsa ba ta ɗaga ba, amma ta yi nauyi. "Kullum ina tambayarka, kana kallon idona."

Direba ya yunƙura zai tashi cikin fushi, ɗakin ya juya masa, ya koma ya zauna. Yana ji mutumin ya kira likitarsa a waya, sannan ya karɓi wayar direban ya kira masa matarsa. Shi ya rufe ɗakin, ya saukar da shi matattakala yana riƙe da shi ta hammata, ya tare musu tasi.

A asibiti hoto ya nuna mugunya ta taru kusa da inda aka haɗa hanjin a aikin farko. Suka sa roba suka zuƙe ta, suka yi ta ɗura masa magani ta jijiya, amma hanjin wurin ya riga ya lalace. Aka sake shiga da shi ɗakin aiki. Da ya farfaɗo ya lalubi cikinsa, ya ji bandeji, ya ji kuma wata jakar roba a manne a gefensa. Likitar ta yi masa bayani tana tsaye a kansa. An fito da bakin hanjin ta nan don na ƙasa ya huta, bayan gida a jakar zai riƙa taruwa. In komai ya tafi daidai, wata rana za a mayar.

"In bai tafi daidai ba fa?"

"Sai mu zauna da ita, Baba. Mutane da yawa suna rayuwarsu da ita." Ba ta yi masa faɗa ba, shi kuwa da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta ce tsohuwar allurar da wuya ta sake karɓarsa, don jiki in aka yanke masa ita aka dawo, yakan ƙi ta. Za su gwada wata da ake ƙarawa a ruwa a asibiti.

Matarsa tana zaune a gefen gado lokacin da ake wannan bayani, a nan ta ji maganar allurar. Ba ta dube shi ba. Ta ci gaba da ninke tawul ɗin da ke hannunta. Tun daga ranar ta yi masa duk abin da ake yi wa majinyaci. Ta goge masa jiki, ta ba shi romo a baki, ta tsaya kusa da nas ta koyi yadda ake sauya jakar tun kafin shi ya iya kallonta. Amma maganarta ba ta wuce "tashi", "sha", "juya" ba.

Mai tausar ya zo dubiya sau ɗaya, da rana, da lemo a leda wanda majinyacin ba zai iya sha ba. Suka gaisa sama-sama. Ya lura direba ba ya iya juya wuya saboda daɗewa a kwance, ya je ya nemi izinin nas, ya dawo ya tsaya ta wajen kan gado ya tallafi ƙeyarsa da tafi biyu. Ya daɗe a haka. Da zai tafi ya ce, "In likita ta yarda, ka dawo. Baya da kafaɗa ma jiki ne."

Bayan an sallame shi, manajan tasha ya zo har gida. Ya ce likitan kamfani bai amince ya koma tuƙi yanzu ba, amma akwai gurbi a wurin masu duba bas kafin ta fita, birki da taya da fitila. Ba zama, ga banɗaki kusa. Direba ya yi godiya. Sai da baƙon ya tafi ya daɗe yana kallon tafin hannuwansa.

Ana saura kwanaki ya fara sabon aikin, ya gwada wandon kayan aikinsa, ƙugun ya sauka daidai kan jakar. Ya tsaya a tsakiyar ɗaki riƙe da wandon, bai san yadda zai yi ba. Matarsa ta leƙo ta gan shi.

"Kawo."

Ya bi ta ɗakin ɗinki. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan keken. Ta sa shi ya tsaya, ta durƙusa da tef ta auna daga ƙugunsa zuwa saman jakar, ta yi alama da alli. Ta zauna ta fara farke ɗinkin ƙugun, shi kuma ya zauna a kan kujerar masu kawo ɗinki, da zani ɗaure a ƙugu.

"Maman Auta, ki yi mini magana mana. Ko zagi ne."

Ba ta ɗago ba. "Me zan ce? Tun yaran nan suna ƙanana abin da cikinka zai karɓa nake dafawa, shi nake ci. Biki nawa na ƙi zuwa don ba za ka iya zaman mota ba? Ban taɓa yi maka gori ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Na ɗauka ciwon nan namu ne mu biyu. Ashe naka ne kai kaɗai, kai kake yanke abin da za a yi da shi."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ina buɗe firij ina ganin babu allura, ina cewa Allah na gode, mijina yana kula da kansa."

Ya nemi maganar da za ta wanke shi, bai samu ba, sai ya faɗi wadda ke akwai.

"So na yi in ji yadda mai lafiya yake ji. Wanda ba ya jiran ranar allura, ba ya lissafin komai. Ko na ɗan lokaci ne."

Hannunta ya tsaya a kan wandon. "Ka ji?"

"Na ji."

"Da daɗi?"

"Da daɗi ƙwarai."

Ta ɗago ta dube shi, karo na farko tun asibiti. Idanunta sun kawo ruwa, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa labarin wani gari da ba ta taɓa zuwa ba.

"Da ka gaya mini," ta ce. "Da na hana ka, ka sani. Amma da ka gaya mini."

Ta jawo wani yanki na yadi mai taushi daga kwandon ƙyalle, ta kara shi da wandon ta ga launin bai yi nisa ba. Ta ce za ta ƙara wa ƙugun tsayi ya haye saman jakar, ta sa roba ta baya maimakon bel, in ya saki riga babu wanda zai gane. Ta tambaye shi wanduna nawa kamfanin ya ba shi. Ya ce akwai wani a cikin kabad, da wani da ya bari a tasha.

"Ɗauko na kabad ɗin tun ina zaune," ta ce, ta zura zare a allurar keke.